Bindigar Kakana da Maƙerin Nguru

Wannan mako zan ɗan kauce wa maganar taki da ta ruwan sha da muka saba tattaunawa a wannan fili, in ba ku labarin wata tsohuwar bindiga. Kada kowa ya razana da jin sunanta, gama wadda nake nufi ta fi shekara 60 ba ta yi tari ba, kuma in Allah ya so ba za ta sake yi ba har abada. Amma ta koya mini wani abu wanda nake ganin ya shafi ƙasan nan baki ɗaya.

Bayan Babbar Sallar bara Allah ya yi wa baffana rasuwa a Gashuwa, Allah ya ji ƙansa. Da aka share makoki aka zo fid da kayan ɗakinsa, sai aka tarar da wani dogon ƙunshi a jingine a kusurwa, an nannaɗe shi da tsohuwar tabarmar kaba. Ko da aka warware, sai ga bututun bindiga wanda tsawonsa ya kusa kai mini ƙirji, ga ƙota wadda gara ta cinye rabinta, ga ƙahon albarushi babu kome a ciki, sa'an nan ga wata 'yar jakar fata mai ɗauke da waɗansu ƙarafa da ƙananan duwatsu uku. Tsofaffin gidan suka ce ai bindigar kakanmu ce, wanda shi ma a hannun mahaifinsa ya gaje ta. Da ita yake farauta a fadama da rani, da ita kuma yake bin hawa ranar Salla.

Nan take gardama ta tashi. Wani ya ce a jefa ta cikin kogin Yobe da dare kafin ta jawo mana fitina. Wani ya ce a kai wa 'yan gwangwan su auna a kilo. Ni kuwa na roƙi arziki a sa ta cikin rabona, aka sa, ana yi mini kallon wanda ya sayi rigima da kuɗinsa.

Ban ga laifin 'yan'uwana ba. Ku dubi yadda kalma guda ta sauya ma'ana a bakinmu. Sa'ad da muke yara, in aka ce ga 'yan bindiga nan tafe, gudu muke yi mu tarye su, don mun san hawa ya taso, mutanen Sarkin Bindiga ne ke gaba suna ta da hayaƙi, dawaki na rawa a bayansu. Yau in aka ce ga 'yan bindiga nan, uwa goya ɗanta take yi ta nufi daji. Ɓarayin shanu da masu satar mutane sun ƙwace sunan, alhali kuwa makaman da ke hannunsu na soja ne, ba su haɗa kome da bindigar toka ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, har abin da kakanninmu suka bari ya zama abin ɓoyewa.

To, bindiga dai ba baƙuwa ba ce a wannan yanki namu. Tun cikin ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno ya kawo Turkawa masana bindiga suka horar da mayaƙansa, kamar yadda limaminsa Ahmad Ibn Fartuwa ya rubuta. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, wanda ya hau a 1768, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron Sarki. A arewa da mu, Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi masu yawa cikin ƙarni na 19, har ya sa ana zuba igwa a birnin Zinder. Rabe kuwa da ƙarfin bindiga ya ci Barno a 1893. Nguru ita ce mazaunin Galadiman Barno mai tsaron ƙofar yamma, Badawa kuma a bayan ganuwar Gogaram suka tsare kansu kafin a mai da hedkwatarsu Gashuwa a 1946. Ashe ke nan ƙasar da ke tsakanin Barno da Haɗejiya da Damagaram ta san warin albarushi tun ba yau ba.

Irin ta kakana, watau mai ƙanƙara, asalinta daga Faransa ne. Wajen shekara ta 1610 wani gwanin maƙeri mai suna Marin le Bourgeoys ya daidaita ƙirarta, ta kuwa yi shekara 200 tana mulkin fagen fama a Turai. Turawan fatauci suka riƙa sauke ta a gaɓar teku suna musaya da zinariya da bayi da manja. Mutanen Denmak da ke da sansani a Ankara ta ƙasar Gana suna cikin masu wannan ciniki, shi ya sa har gobe a Turancin Nijeriya da sunansu ake kiran bindigar toka. Da Turawa suka ƙirƙiro waɗanda suka fi ta, sai suka taru a Barasal a 1890 suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, amma suka bar ƙofa a buɗe ga mai ƙanƙara da albarushinta. Dalilin da ya sa ke nan ta daɗe a hannunmu bayan ta zama kayan tarihi a inda aka haife ta, har maƙeranmu suka naƙalci gyaranta, daga baya suka shiga ƙera tasu.

Niyyata ita ce in harhaɗa ta ta koma yadda take, in rataye a ɗakin karatuna. Kafin in motsa da ita sai da na shaida wa mai unguwa, na kuma je ofishin 'yan sanda na yi bayani, don rigakafi ya fi magani. Sa'an nan na shiga cigiyar wanda ya san aikin. Na zaga maƙerun Gashuwa, duk wanda na nuna wa 'yar jakar nan sai ya juya ƙarafan ya girgiza kai. Masu walda suka ce in kawo su liƙe mini kome da kome wuri guda. A ƙarshe wani mai sayar da garma ya kwatanta mini wani tsoho a Nguru, kimanin mil 40 yamma da mu, ya ce in shi bai sani ba to in haƙura.

Na same shi a wata rumfa can bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Wannan tasha ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano ya iso Nguru a 1930, wanda ya riƙa kwasar gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen nama zuwa kudu. Jirgin ya daɗe da daina zuwa. Tsohon yana zaune a kan buzu, jikansa na ja masa zugazugi, suna ƙera lauje. Na yi sallama, na durƙusa muka gaisa, na zazzage jakar a gabansa.

Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ɗauki babban ƙarfen ya shafa shi da babban yatsa, ya ce, "Ɗan nan, ina ka samo wannan?"

Na ce, "Baba, gadon kakana ne."

Ya ce, "Rabona da in riƙe irinta tun mahaifina na da rai. Zauna."

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙarafan da na ɗauka tarkace ne, ya jera su a kan fata ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya san mazauninsa ko da idonsa a rufe. Ya nuna mini yadda abin yake aiki, ni kuwa ƙyastu zan kira shi a nan, don aikinsu ɗaya da ƙyastun da kakanninmu ke kunna wuta da shi. Akwai wani ƙarfe mai baki kamar na awartaki, shi ke cije da ƙanƙara, an naɗe ta da 'yar fata don kada ta zame. In an ja kunama, sai ƙarfen nan ya rusuno da ƙarfi, ƙanƙarar ta karci fuskar wani ƙarfe da ke tsaye a gabanta, shi kuma ya kauce ya buɗe ɗan kaskon da ke ƙarƙashinsa, tartsatsi ya zuba ciki, wuta ta bi wata 'yar kafa ta shiga bututu. Ya tambaye ni, "Daga ina wutar take fitowa?" Na ce daga dutsen. Ya yi dariya ya ce haka kowa ke cewa. Dutsen kankaro ƙarfen kawai yake yi, ɓarɓashin ƙarfen ne ke kamawa ya yi ja. Saboda haka in fuskar ƙarfen ta yi taushi ba za a sami wuta ba, in kuma ta cika tauri sai ta tsage. Sanin tsakiyar nan, in ji shi, shi ne ƙira, kuma da launin ƙarfe a cikin gawayin ƙirya ake gane shi, ba a rubuce yake ba.

Wata uku muka yi ana wannan aiki, ina zuwa duk ranar Asabar. Ya ƙera ƙarafa biyu da suka ɓace, ya goge sauran da magagari. Ƙota kuwa sabuwa aka sassaƙa da icen maɗaci, aka bi fasalin tsohuwar. Wannan shi ne aikin da ya fi cin rai. Sai ya shafa wa ƙarfe baƙin fitila, ya kwantar da shi a kan icen, ya ɗaga, duk inda baƙi ya taɓa ya san nan ne ya tokare, ya ɗan fafe wurin, ya sake gwadawa. Yakan yi haka sau 30 a wuni kafin ƙarfe ya kwanta cikin ice kamar a nan aka halicce shi. Har ya bar ni na riƙe kayan sassaƙa na yi 'yar tawa, na ɓata wuri guda, ya ce ba kome, kowace bindiga da tabonta.

Da na ba wani abokina malamin jami'a wannan labari, sai ya ce ai abin da nake yi sana'ar nishaɗi ce babba a Amurka. A can akwai mutane, likitoci da manoma da malaman makaranta da masu fansho, waɗanda ke sayen sassan bindiga mai ƙanƙara daban daban, bututu da ƙyastu da ƙota da adon tagulla, su shafe watanni suna harhaɗawa a gida da hannunsu. Wadda suka fi so ita ce doguwar nan da maƙera 'yan asalin Jamus suka ƙirƙiro a jihar Fensilbaniya cikin ƙarni na 18, wadda aka yi wa zane mai murɗewa a cikin bututu don harsashi ya tafi sak, saɓanin tamu da cikinta sumul yake. Suna da ƙungiya tun 1933, kuma sukan taru a wani ƙauye mai suna Friendship a jihar Indiyana su gwada gwaninta. A garin tarihi na Williamsburg kuwa akwai maƙera da ake biya albashi don kawai su ci gaba da ƙira da kayan aikin da, baƙi na kallo, almajirai na koyo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dabarar baƙin fitilan nan, ita ce su ma suke yi. Tsohon Nguru bai taɓa jin sunan Fensilbaniya ba, amma hannunsu ɗaya.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce mu kwaikwayi Amurka wajen sakin makamai ba, gama su kansu suna kuka da abin da wannan ya jawo musu, mu kuwa ga halin da muke ciki. Abin da na ɗauka daga wurinsu guda ɗaya ne: sun raba tsakanin makamin ɓarna da ilmin hannu na kakanni, suka ba ilmin gida da suna da magada. Mu kuwa mun haɗa su a kwando ɗaya mun kife.

Ranar da aka zo kan bututu, tsohon ya kankare tsatsa kusa da gindi ya nuna mini wata 'yar alama, kamar kambi a bisa sanduna biyu a gicciye. Ya ce mahaifinsa kan ce wannan hatimin Turawa ne, bututun da ke da shi ba ya cin amanar mai shi. Daga baya na gane hatimin gidan gwaji ne na birnin Bamingam a Ingila, wanda aka kafa a 1813. A can doka ta hana a sayar da bututu sai an ɗura masa abin da ya fi ƙima an harba a ɗaki mai kauri, in ya jure a buga masa hatimi, in ya fashe ya fashe ba a hannun kowa ba. Na yi murna na ce ashe tamu mai kyau ce, ko za a gwada ta sau ɗaya? Sai ya ɗaga bututun ya saita shi da rana ya ce in leƙa. Ciki duk ramuka, tsatsa ta rarake shi.

Ya ce, "Hatimin nan shaidar ƙuruciyarta ne. Yanzu ta tsufa kamar ni. In ka ɗura mata wuta, hannunka za ta ci. Ni ba zan sa hannuna a wannan ba, ko nawa za ka ba ni."

Sa'an nan ya shiga ba ni labarin waɗanda ya sani da suka rasa yatsu, da wanda ya rasa ido, da yaron da ya rasa ransa a wajen bikin aure. Ya ce yawancin abin da ake kira harba-ka-ruga yanzu da bututun famfo ake yin ta a ɓoye, mai yin bai gaji ƙira ba, mai saye bai san abin da ya saya ba, ranar hawa kuma samari su yi ta gasar wanda tasa za ta fi ƙara. Maƙeran gado da suka san haddin ƙarfe sun janye hannu don tsoron kamu, fagen ya zama na 'yan dagaji.

Ga inda nake so hukuma ta saurara. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai kashi uku: na yaƙi, da na farauta irin na zamani, da waɗanda ake ɗurawa ta baki, inda ta ambaci bindigar toka da mai ƙanƙara da sunansu. Dokar ta haramta ƙira ba da izini ba, kuma daidai ne. Amma ita wannan doka ta ba Sufeto Janar na 'yan sanda iko, da yardar Gwamnan jiha, ya ba mutum takardar ƙera kashi na ukun nan da gyara shi. Ashe ƙofa tana nan, ba a bin ta ne kawai. Sakamakon haka maharbi na gaskiya yana yawo da abin da ba shi da lamba, ba wanda zai shaide shi in ya bar garinsu. Ba mu manta ba, a 2014 maharba da bindigogin toka suna cikin waɗanda suka taimaka aka fatattaki Boko Haram daga yankin Mubi, aka yi ta yabonsu. Ba mu kuma manta ba, a watan Maris na 2025 an tare mota a Uromi ta Jihar Edo, aka ga bindigogin toka, aka kashe matafiya 16, maharba masu komawa gida Kano yin Salla. Abu ɗaya ne a hannunsu, jiya ya jawo yabo, yau ya jawo ajali.

Shawarata uku ce. Ta farko, majalisun masarautun Bade da Nguru, tare da 'yan sanda, su rubuta sunayen maƙeran gado da suka rage da maharba da 'yan bindigar hawa, ta hannun Sarkin Maƙera da Sarkin Baka da Sarkin Bindiga, waɗanda suka san kowa da gidan ubansa. Wanda ya cancanta a nema masa izini bisa doka, kowace bindiga a buga mata lamba, mai ita ya riƙe takarda. Ta biyu, kada a bar bututu ya shiga filin hawa ko bikin kamun kifi na Gogaram sai masana sun duba shi. Abin da Bamingam ta yi tun 1813 bai fi ƙarfin jiha guda ba. Maharba kuma su san iyakarsu, su bar tsuntsayen Dagona su sha ruwa lafiya, gama wurin ajiya ne na ƙasa, wanda har mijin Sarauniyar Ingila ya zo gani a 1989. Ta uku, tsofaffin bindigogin da ke ɓoye a ɗakuna a karɓe su da mutunci, a toshe su, a ajiye a gidan tarihi da sunan gidan da suka fito. Jihar da ta adana kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a 1987 mai shekara wajen 8,000, ba za ta rasa ɗaki guda na aikin maƙeranta ba. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa kuwa, ga aiki a ƙofar gidanku: ku ɗauki na'ura ku je ku zauna gaban tsofaffin nan tun suna da sauran numfashi.

Tawa dai an gama ta. Tsohon ya toshe bututun da ƙarfe, ya liƙe 'yar kafar wuta, ta yadda ba mai iya ɗura mata kome. Ƙyastun kaɗai ya bari da rai. Ranar da na je ɗauka, ya sa ɗaya daga cikin duwatsu ukun nan na kakana, ya ce jikansa ya sauke asabari rumfar ta yi duhu, ya miƙo mini ya ce in ja. Na ja. Tartsatsi ya zubo ja wur cikin kaskon da babu kome, ya mutu. Yaron ya ce, "Kaka, a sake!" Tsohon ya dube shi ya ce, "In kana so ka sake gani, sai ka koyi yadda ake yi." Da na waiwaya daga bakin hanya, na hango yaron ya ajiye lauje ya ɗauki magagari.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ji ƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.